Ruwan farko ya juya mini mota a Rigachikun, alhali tayoyin gaba sababbi ne

Mai Corolla daga Unguwar Dosa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo shi nan ko masu sani za su warware mini.

Da yamma muna dawowa daga Zariya ni da iyalina, mun wuce Jaji, mun wuce Maraban Jos, muna dab da Rigachikun aka soma yayyafi. Ba wani ruwan kirki ba ne, irin wanda yake kwantar da ƙura ya tayar da ƙamshin ƙasa. Gudun da nake yi bai wuce 90 ba. Na shiga wata 'yar kwana marar tsanani, sai mai babur ya leƙo daga hannun dama kamar zai tsallaka. Na ɗaga ƙafa daga totur na danna birki. Wallahi ban san yadda aka yi ba, sai na ji bayan motar yana neman wuce gabanta. Na murɗa sitiyari, ta ƙi ji. Da ta tsaya, tana kallon Zariya ne, tayar baya ɗaya a ƙasa ɗaya a kan kwalta. Furar da surukata ta ba mu ta wanke ƙafafun yara, ƙaramar ko kuka ta kasa yi, ta dai riƙe mayafin uwarta da hannu biyu. Allah ya sa babu babbar mota a bayanmu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, makonni uku da suka wuce na sayi tayoyi biyu sababbi fil, aka ɗaura mini a gaba. To me ya ƙwace motar?

Hajiya daga Barnawa:
Innalillahi. Sannu Malam, Allah ya ƙara tsarewa. A yi wa Madam da yara sannu.

Ɗan kasuwa daga Kasuwar Barci:
Ƙaddara ce kawai ɗan'uwa. Ka yi sadaka ka gode wa Allah. Mota in za ta ƙwace ko daga kamfani aka fito da ita yau sai ta ƙwace.

Tsohon direban tashar Kawo:
Sannu ɗana. Kafin in ce komai, ka amsa mini abu biyu. Na bayan nan da ka bari, yaya zanensu yake? Kuma iska nawa aka sa maka?

Mai Corolla daga Unguwar Dosa:
Baba, na bayan su ne na zo da su tun da na sayi motar, zanen ya ɗan sude amma ba su yi ƙwal ba. Iska kuwa ban tambaya ba, mai faci ya buga da ƙarfe ya ce ta yi.

Tsohon direban tashar Kawo:
To ka ga inda gizo yake saƙar. Ruwan farko ya fi na Agusta mugunta, duk wanda ya ci abinci a kan hanyar nan ya san haka. Tun Oktoba da ruwa ya ɗauke, wata biyar ko shida ke nan kwalta tana shan baƙin mai da gas da tireloli ke ɗigarwa, ga ƙurar hunturu ta kwanta a kai. Yayyafi ba ya wanke su, dama su yake yi su koma kamar miyar kuɓewa. Sai an yi mamako biyu ko uku sannan hanya take wankuwa.

Na biyu, ka taka birki kana cikin kwana. Mu da muka koyi tuƙi a Fijo 504, abin da ogana ya fara dasa mini a kai ke nan: ka gama birkinka tun hanya tana miƙe, ka shiga kwana ƙafarka tana lallaɓa totur. Na san mai babur ne ya tilasta maka, ban ɗora maka laifi ba. Amma da 60 kake yi lokacin da ka ga ɗigon farko a gilashi, da birkin da za ka taka bai kai wanda zai juya ka ba.

Malamin kimiyya daga Malali:
Baba ya faɗi gaskiya, bari in ƙara dalilin. Duk nauyin motar nan, da injinta da mutanen ciki, abin da ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu huɗu ba, ɗaya a kowace taya. Da wannan ɗan wurin mota take tashi, da shi take kwana, da shi take tsayawa. Kuma riƙon da kowace taya take da shi ƙayyadadde ne. Duk abin da ka kashe wajen kwana, yana rage abin da birki zai samu. Ka nemi duka biyun a lokaci ɗaya a kan santsi, dole ɗaya ya saki.

Sannan da zarar ka taka birki nauyi yana gangarowa gaba, shi ya sa kake ganin hancin mota ya duƙa. Tayoyin gaba sun samu nauyi, ga su sababbi, sai suka cafke kwalta. Na baya nauyi ya ɗaga daga kansu, ga su tsofaffi, sai suka saki. Gaba ya tsaya, baya bai tsaya ba. Ina zai je? Sai ya zagayo. Saboda haka ne kamfanonin taya suke cewa in biyu kawai za ka iya saya, a baya za ka ɗaura su, ka dawo da na bayan gaba in suna da sauran rai.

Bakanike a Tsohuwar Panteka:
Malam ka yi haƙuri, a nan ban bi ka ba. Shekarata ashirin da wani abu a ƙarƙashin mota. Corolla da gaba take ja, da gaba take kwana, yawancin aikin birki a gaba yake, inji ma a kansu yake zaune. Yaya za ka ce a kai sabuwar taya baya inda ba ta aikin komai, a bar tsohuwa a gaba? In tayar gaba ta fashe a gudun 100 wa zai riƙe sitiyarin? Ni duk wanda ya zo wajena gaba nake sa masa, kuma haka na tarar ana yi.

Malamin kimiyya daga Malali:
Oga, duk abin da ka lissafa game da tayar gaba haka yake. Amma kalmar “ba ta aikin komai” ce matsalar. Tayar baya ita ke riƙe mota a kan layi, kamar gashin da ke gindin kibiya. In gaba ya zame, za ka ji a hannunka nan take, sitiyari ya yi sakayau, motar ta ƙi shan kwana ta miƙe. Abin da kowa yake yi ba tare da an koya masa ba, wato sassauta totur, shi ne maganinsa, nauyi ya dawo gaba taya ta sake kamawa. Amma in baya ya zame, sitiyari ba ya gaya maka da wuri, a mazauninka za ka ji, kuma abin da tsoro zai sa ka yi, ɗaga ƙafa da danna birki, shi ke ƙara rura wutar. Sai direban da ya ƙware ƙwarai yake iya kamo ta.

Kuma ban ce a sa ruɓaɓɓiyar taya a gaba ba. Tayar da kake tsoron za ta fashe ba ta da wuri a mota, gaba ko baya.

Bakanike a Tsohuwar Panteka:
Wannan ta ƙarshen na yarda da ita. Sauran kuma sai na gani da idona. Ni dai abin da na fi zargi a motar bawan Allahn nan shokozoba ne. Corolla masu shekaru irin nasa, da wuya ka samu wadda shokozobanta na baya suke da rai. Mutane ba sa canzawa sai sun ji ƙara. In shokozoba ya mutu taya ba ta zama a ƙasa, tsalle take yi kamar ƙwallo, ko da ido ba ya gani. Tayar da take sama kuwa ba ta riƙe komai. Malam ka je bayan motar ka danna but da ƙarfi ka saki. In ta tashi ta zauna sau ɗaya, lafiya. In ta ci gaba da rausaya, ka kawo ta. Ka leƙa kuma ko akwai jiƙon mai a jikinsa.

Hajiya daga Barnawa:
Ni batun iskar nan nake so a koma kai. Kullum ni nake kai yara makaranta, in tsallaka gada in shiga gari in dawo. Kwanaki na ji motata tana dukana a baya, ko ƙaramin tudun rage gudu na hau sai haƙorana sun haɗu, sitiyarin kuma ya yi sauƙi fiye da yadda na saba. Ƙanena ya sayo mini ɗan geji, muka auna da safe. Taya ɗaya 52, ɗaya 48, na baya 45 da 38. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna mini wata 'yar takarda a jikin ginshiƙin, ashe abin da kamfani ya rubuta bai ma kai 35 ba. Shekara shida ina tuƙa motar ban taɓa lura da takardar ba. Da muka rage, kamar an canza mini mota.

Mai faci daga Tudun Wada:
Hajiya ki yi mana adalci. Sana'ata ce wannan, ita nake ci da iyalina. Wallahi mafi yawan lokuta masu motar ne ke cewa a ƙara. Ka sa wa mutum 32, ya zagaya ya kalli tayar ya ga ta ɗan yi ciki a ƙasa, ya ce ba ka sa ba, kuɗina kake so ka ci. Direbobin haya kuwa da bakinsu suke cewa 60, saboda lodi, kuma wai ta fi gudu ta rage shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 abin ya ƙaru. Wasu kuma lambar da ke jikin taya suke nuna maka, 44 ko 51, su ce ga abin da Bature ya rubuta. In ka ce musu wannan iyakar abin da tayar za ta ɗauka ne, ba abin da motar ke so ba, sai su tafi wajen na gaba da kai.

Inda zan karɓi laifi shi ne geji. Da yawanmu gejin ya tsufa, ya sha faɗuwa, wani ma allurarsa ba ta komawa sifili. Buga taya da ƙarfe kuwa ba awo ba ne, ko ni ban yarda da shi ba.

Hajiya daga Barnawa:
Na gode da ka fito ka yi bayani Malam, ban yi nufin in ɓata sana'arku ba. Ashe laifin namu ne gaba ɗaya.

Malamin kimiyya daga Malali:
Iska in ta yi yawa tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa, tafin hannun nan ya ƙanƙance, ga shi ba ta lanƙwasa ta bi ƙananan ramuka. In ta yi kaɗan kuma gefen tayar yana ta murɗewa, ta ɗauki zafi, a tafiya mai nisa cikin ranar Maris ko Afrilu ita ce ke fashewa. A auna da safe kafin mota ta yi tafiya, domin taya mai zafi tana nuna fiye da abin da ke cikinta.

Ɗan kasuwa daga Kasuwar Barci:
Duk wannan lissafin naku, wanda kwanansa ya ƙare fa? Mun ga sababbin jifa-jifai sun kife a hanyar Abuja.

Tsohon direban tashar Kawo:
Alhaji, babu mai jayayya da ƙaddara a cikinmu. Na wanke gawar abokan aikina da hannuna, na san mutuwa ba ta tambayar shekarar mota. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Abin da ke ci mini rai shi ne kalmar nan “mota ta ƙwace”, ana faɗinta kamar aljani ne ya fizge ta. Mota tana magana kafin ta ƙwace. Za ta yi wata uku tana ja hannun dama kana riƙe ta da ƙarfi. Za ta riƙa karkarwa a sitiyari in ka kai 100. Za ka ji ƙwas-ƙwas a ƙafarta in ka hau gargada, tayirod ko boljoyin yana sallama. Za ka ga gefe ɗaya na taya ya cinye ɗaya yana nan. Duk ka ce sai an yi albashi.

Jif ɗin da ka ambata kuwa, tsayinsa ne abin tsoronsa. Duk abin da nauyinsa yake sama, in ka fizgi sitiyari kifewa yake nema. Shi ya sa Hummer bas da aka ɗora wa buhuna a rufi ba ta son a kauce wa rami da gaggawa. Ita 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kakuri a da, ƙafarta doguwa ce mai laushi, tana shanye rami, amma da baya take turawa, in babu kaya a but ka ba ta wuta a kan laka sai ta yi maka wutsiya. Har buhun yashi wasu ke ajiyewa a baya da damina. Da na koma Sharon sai da na sake koyon hannu, domin ita da gaba take ja, in ka cika ta da mutane da kaya gaban ya yi sama, sitiyari ya zama kamar ba ya taɓa ƙasa. Hilux marar kaya ma halin 504 gare ta. Kowace mota da halinta, kuma mota ɗaya ma halinta da lodi daban, babu lodi daban.

Mai keke daga Rigasa:
Baba mu ma a sa mu a ciki. Keke ƙafa ɗaya gare shi a gaba. In ka shiga shataletale da gudu, fasinja biyu suka zauna gefe ɗaya, da idonka za ka ga tayar baya ta ciki ta ɗaga. Yaran da ake ba keke yanzu ba wanda ya nuna musu wannan, kwana biyu a fili sai titi.

Injiniya daga Kakuri:
Wani sabon abu da ban ga an taɓo ba: masu mayar da mota ta koma amfani da iskar gas. Tukunyar ƙarfen da ake ɗaurawa a but nauyinta ya kusa na mutum guda, kuma tana can bayan tayoyin baya ko a kansu, dare da rana. In sifirin da shokozoba sun riga sun gaji sai ka ga motar ta zauna. Ba cewa nake kada a yi ba, ni ma na yi, amma a duba ƙafar baya a lokaci guda.

Sai masu sa mota a firi a gangara don tsimin mai. Motar da ke cikin giya inji yana riƙe ta, kuma in abu ya taso kana da totur da za ka fita da shi. A firi birki kaɗai ka bari. Masu kashe inji gaba ɗaya kuwa, birkin zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi. Kuma motocin da ke da injekta, in ka ɗaga ƙafa tana cikin giya tana gangarawa, kwamfutar da kanta take yanke mai. Wato tsimin ma babu shi.

Mai Corolla daga Unguwar Dosa:
Jama'a na gode ƙwarai. Akwai abin da na tuna yanzu. Lokacin da na danna birkin na ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin ƙafata, da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Na ɗauka wani abu ne ya karye, sai na saki na sake takawa.

Injiniya daga Kakuri:
ABS ke nan yake aikinsa, Malam. Yana kama birki yana saki sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta kulle, saboda tayar da ta kulle ba ta jin sitiyari. In ka ji wannan karkarwar, ka ƙara dannawa ka riƙe, ka kalli inda kake so ka bi, ka juya can. Famfo da ƙafa na tsofaffin motoci ne marasa ABS. Sai dai shi ma ba ya ƙirƙiro riƙon da taya ba ta da shi. Kuma mai sayen mota ya lura: in ka murɗa makulli fitilar ABS ta kama ta mutu, lafiya. In ba ta kama ba sam, ana iya cire ƙwan don a ɓoye matsala.

Tsohon direban tashar Kawo:
To ka ji, ni wannan a wurin yaran yanzu na koya, mu da famfo muka saba. Amma ta fashewar taya ba ta canza ba: kada ka taɓa birki. Ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka miƙe, ka sassauta totur a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta, sai ta yi sanyi sannan ka lallaɓa birki ka gangara gefe. Fasinjoji za su yi ta salati suna cewa ka tsaya. Kada ka saurare su.

Malamin kimiyya daga Malali:
Bari in sa lissafi ɗaya, tunda hanyar Zariya ta yi kyau yanzu kowa yana sake ƙafa. A gudun 100 mota tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. A 120, mita 33, wato filin ƙwallo guda cikin daƙiƙa uku. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta yanke, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. Sannan nisan birki ba ya tafiya daidai da gudu: ka ninka gudu sau biyu, nisan tsayawa ya ninku sau huɗu. Wanda ke 120 yana buƙatar ninki huɗu na abin da mai 60 yake buƙata, a busasshiyar kwalta ma ke nan. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade 100 ga ƙananan motoci a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari, kuma wannan iyaka ce ta lokacin da komai yake lafiya.

In ruwa ya kwanta a hanya kuma, zanen taya shi ke kore shi gefe. Da ya sude ƙasa da milimita 1.6, ko gudu ya yi yawa, sai tayar ta hau kan ruwan kamar kwalekwale. Alamarsa sitiyari ya yi shiru a hannunka. Nan ma ba birki, ba fizga, sassauta totur kawai.

Bakanike a Tsohuwar Panteka:
Malam mai Corolla, ka duba mana shekarar tayoyin bayan nan. A gefensu akwai rubutun DOT, a ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Ka duba kuma ko akwai hoton dutse da ƙanƙara a jiki. Tayoyin Beljiyam da yawa na lokacin sanyin Turai ne, robarsu ba ta zafin Kaduna ba ce.

Mai Corolla daga Unguwar Dosa:
Na fita da tocila yanzun nan. Ta hagu 2316, ta dama 4114, kuma ba ma kamfani ɗaya ba ne. Ta daman akwai ƙananan tsage-tsage a gefenta kamar faso, ban taɓa durƙusawa na gani ba sai yau. Na danna but kamar yadda ka ce Oga, sai da ta rausaya sau uku. Jikina ya yi sanyi. A kan waɗannan na ɗauko 'ya'yana daga Zariya.

Bakanike a Tsohuwar Panteka:
Ta 2014 da ta 2016! Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke cewa. Kada ka mayar da su gaba, kada ka bar su a baya, ko safaya ba su cancanta ba. Ka shigo da safe kafin rana ta yi, mu ɗaga ta mu duba shokozoba da bushin, daga nan a kai ta saitin ƙafa.

Malamin kimiyya daga Malali:
Oga, in ƙarfinsa bai kai ya sayi biyu sababbi gobe ba, ya samu masu ɗan dama-dama, ina za ka ɗaura sababbin da ke gaba?

Bakanike a Tsohuwar Panteka:
Malam ba ka mantuwa. To, a wannan motar dai zan mayar da su baya, tunda da bayan ta kayar da shi. Amma ranar Asabar in an yi ruwa ka zo, akwai fili a bayan garejinmu, mu gwada duka biyun a hankali ina gani.

Mai faci daga Tudun Wada:
In za a yi ku sanar da ni, zan zo da sabon gejin da na saya.

Mai Corolla daga Unguwar Dosa:
In sha Allahu ƙarfe takwas ina Panteka. Gobe yara a keke za su tafi makaranta.